Taku Arba'in

Takardar tana cikin gwangwanin madara,
gwangwanin cikin buhu, buhun a saman rufi,
inda ɓera bai kai ba, gishiri ya kai.
Ta ce: daga gindin kukar Retsila zuwa bakin ruwa,
taku arba'in, mallakar gidanmu.
Ban iya karatu ba, jikana Kamisy ya karanta mini.
Amma na iya tafiya.
Jiya na auna da ƙafata:
ashirin da uku, sai sanyin teku a idon sawu.

Sauran goma sha bakwai fa?
Suna can ƙarƙashin shuɗi.
Can murhuna na fari yake, duwatsu uku,
can na haifi Tovonay daren da iska ta yaye mana rufi,
can kwakwa biyu suka yi shekara talatin a tsaye
kafin su kwanta kamar masu jin barci.
Yau ƙananan kifaye ke shiga ɗakina ba sallama.

Wani ya zo daga Toliara da farar mota da igiyar awo,
takalminsa na shan yashi, shi yana tsaki.
Wai zai gina ɗakuna masu kallon faɗuwar rana,
baƙi su biya kuɗi, su zauna, su zuba ido
ga abin da nake juya wa baya ina feren rogo.
Ya ce, "Kaka, nawa?"
Na ce, "Na tudu ko na ruwa?"
Bai yi dariya ba.
Ya ce sai an sabunta takarda a Morombe.

Muka tashi da asuba a kwale-kwalen Nomeny,
wanda mijina ya sassaƙa masa bashi, har yau bashi ne.
Buhunan shinkafa shida aka ɗinke, aka ɗaga wa iska,
iskar kudu ta cika su, ta tura mu
har rana ta raba tsaka,
sannan ta yi zuciya ta tafi abinta.
Muka kwana a wani tsibirin yashi marar suna,
muka gasa kifi mai hannu takwas.
Nomeny na ƙirga taurari kamar awakinsa,
ni ina rungume da gwangwani kamar jinjiri.

A Morombe ofishin a kulle.
Mai hatimi ya tafi jana'iza, sai Litinin.
Ran Litinin ya buɗe takardar da yatsu biyu,
ya ce, "Arba'in aka rubuta, harajin arba'in za ki biya."
Na ce, "To, ka aika wa teku nasa kason."
Ya dube ni ta saman tabarau,
ya buga hatimi, dam,
a kan ruwan da bai taɓa gani ba.

Dawowa kwana uku, iska a goshi, filafili a hannu,
tafin Kamisy ya yi bororo ya fashe.
Da na hango kukar daga nesa,
ƙatuwa, tsaye kamar matar da ta gaji da jira,
sai maganar Retsila ta faɗo mini:
mu mutanen ruwa ne,
namu shi ne abin da jirgi zai iya ɗauka,
tudu na matattu ne, su ne ba sa ƙaura.
Shi ma yanzu yana can cikinsu, a dajin bayan gari.

Mai mota ya dawo ran Alhamis.
Na shimfiɗa masa tabarma, na fasa masa kwakwa.
Na ce, "Goma sha bakwai na sayarwa ne, ga hatimi, ga shaida.
Ashirin da ukun, ina ciki tukuna."
Ya tashi bai shanye ba.

Da yamma ruwa ya kawo.
Kamisy ya kafa sabon turke inda kumfa ta tsaya,
ya tako zuwa gindin kuka a hankali.
Ban tambaya ba, bai faɗa ba,
amma na ga leɓɓansa na motsi.
Na ce ya zo ya ci shinkafa kafin ta huce.